Shekarar da Inna Falmata Ta Sha Mujiya

Ranar Laraba ce, bakwai ga watan Rajab, tsakanin azahar da la'asar, a zamanin da ake ɗaga ganuwar Damagaram, kowace unguwa tana kai rabonta na ƙasa da ruwa. Mu huɗu ne a zauren Kawu Mato da ke cikin Birni. Shi Kawu, ƙanen mahaifiyata, yana kan buzunsa yana yankan jar fata, domin baduku ne. 'Yarsa Dije, wadda kuka tashi kuna kira Gwaggo, tana kaɗi a bakin ƙofar ciki. A lokacin aurenta na fari ya mutu, ta dawo gida. Matarsa, Inna Falmata, tana bayan asabari, inda ta saba zama don kada wata magana ta wuce ta. Na huɗun ni ne, wata biyar da komowata daga Masar. Na fara da wannan rana domin daga gare ta ne maganar da kuke ji a gari ta taso, wai ubanku yana da asirin Fir'auna, ya binne shi, ya hana 'ya'yansa. Na ji babbanku yana faɗa wa ƙanensa haka a bayan rumbu, yana tsammani kunnena ya mutu. Bai mutu ba. Ku karanta abin da ke biye a tsanake, kada ku tsallake layi.

Kun san ina da shekara tara mahaifina ya ɗauke ni zuwa hajji ta hanyar hamada, kuma bai kai Makka ba, zazzaɓi ya kashe shi a Alƙahira. Abokan tafiyarsa suka wuce, suka bar ni a wata makaranta ta Nasara masu wa'azi da ke karɓar marayu. Ban bar sallata ba, su kuma, in faɗi gaskiya, sun yi ta kirana zuwa addininsu amma ba su tilasta ni ba. Abin da suka tilasta mini shi ne layi madaidaici. Malaminmu wani tsohon Bature ne mai ƙaramar murya, wanda in harafi ɗaya ya karkace a ƙarshen shafi sai ya sa ka sake shafin tun daga kansa, ba tare da ya ɗaga murya ba. Na ƙi jininsa shekara biyar, na gode masa sauran rayuwata. Wannan tsoho yana da son tsofaffin duwatsun ƙasar, masu zanen tsuntsaye da macizai da gaɓoɓin mutum. Da ya ga hannuna ya fi na sauran, sai ya koya mini abin da masanan ƙasarsu suka gano a cikin zanen, don in riƙa kwafa masa. Da na kai shekara ashirin da biyu na biyo ayari na dawo. Na tarar mahaifiyata ta rasu, gidanmu ya zama na wasu, maƙwabta kuma suna raɗa cewa wanda ya ci abincin Nasara shekara goma sha uku ba a san abin da ya zama ba. Kawu Mato kaɗai ne bai tambaye ni komai ba. Ya dubi fuskata, ya ce goshin 'yar'uwarsa ne, ya sa aka share mini ɗaki, ya gaya wa unguwa duk mai tambaya a kaina ya zo ya same shi. Ba ni da kowa a duniya sai wannan zaure. Ku riƙe wannan, domin in ba ku riƙe shi ba, ba za ku san nauyin abin da ya biyo baya ba.

Dije abokiyar wasana ce, 'yar namiji da ɗan mace, kuma ba ta taɓa barin rana ta faɗi ba ta tsokane ni ba. A ranar nan ta ɗaga mazarinta ta nuna ni da shi.

"Kai Bamasare, bawana, an ce a ƙasarku har tsuntsaye karatu suke yi. Gaskiya ne, ko cikin ƙaryar matafiya ce?"

Na ce, "Ba ƙasarmu ba ce, ni kuma ba bawanki ba ne. Tsuntsaye ba sa karatu. Da su ake rubutu."

"To rubuta ni mu gani. In ka sa mini jaki, yau ba ka cin tuwo a gidan nan."

Allon Kawu yana jingine a bango a wanke. Na ɗauko shi, na fiƙe alƙalami, na zana tafin hannu, da ganyen kara, da gamsheƙa, na ce mata ga Dije. Abin da na bayyana musu a ranar shi zan bayyana muku, kuma shi ne dukan asirin. Mutanen Masar na dā suna da alamomi ɗaruruwa. Wasu suna ɗauke da baƙi biyu ko uku a haɗe, wasu ba a furta su sam, suna nuna irin abin da ake magana a kai ne kawai. Amma a cikinsu akwai 'yan kaɗan da kowace ke tsaye a kan baƙi ɗaya tak, kamar yadda haruffan ba da ta da jim suke a wurinmu. Waɗanda na kwafa ashirin da huɗu ne, ko da yake malamina ya ce masana ba su gama daidaitawa a kan adadin ba. Ƙafa harafin ba ce. Tafin hannu dal ne. Baki ra ne. Ruwa, wanda ake zanawa kamar haƙoran zarto, nun ne. Curin gurasa ta ne, kwando mai mariƙi kaf, tafki shin, ɗan tsako wau. Maciji mai ƙaho biyu, irin na cikin rairayi, fa ne, gamsheƙa kuma jim. Ba sa rubuta wasali, kamar dai yadda malamanmu ke barin shi in suna gaggawa, sai dai in sunan baƙo ne a ɗan taimaka da ganyen kara ko ɗan tsako. Inda tsuntsun ya fuskanta, daga can ake fara karatu. Hoton ba ya nufin abin da aka zana. Wanda ya ga ƙafa ba tafiya ake gaya masa ba, harafin ba ne kawai.

Kawu ya ajiye wuƙarsa ya ce a rubuta shi. Na zana mujiya, domin ita ce mim, sannan gurasa, sannan ɗan tsako. Kafin tawada ta bushe Inna Falmata ta fito daga bayan asabari.

"A'uzubillahi! Mujiya a kan sunan Maigida? Goge, ɗan nan, goge!"

Kawu ya kawo allon kusa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Bar ta. Ai ta yi kama da ni. Dubi idon."

Inna ta ce to a yi nata, amma a zaɓo mata tsuntsun kirki. Na ce ba zaɓa ake yi ba. Na zana maciji mai ƙaho, na tsaya a kan lam, domin babu ita a cikin ashirin da huɗun, sai aron zaki a kwance ake yi. Da ta ji zaki sai ta gyara ɗaurin kallabi. Da na zana abin da ke bin zakin, Dije ta faɗi da dariya har zarenta ya tsinke.

"Inna, ke ma ga taki mujiyar! Ashe shi ya sa kuka daɗe tare."

Aka kira la'asar, ni da Kawu muka tafi masallaci. Da muka dawo na tarar da allon fes, an jingine shi inda yake. Na tambayi wanda ya wanke. Inna ta ce ita ce, Maigida zai buƙaci allonsa. Na ce ruwan fa?

"Ruwan rubutu? Ka taɓa ganin an zubar da rubutu a ƙasa kaji su taka? Na shanye abina."

"Inna, ba ayar Allah ba ce. Sunayenku ne kawai."

"To sunana na sha, da na mijina, da na 'yata. Wa na cuta?"

Muka yi dariya mu duka, har da ni, wanda ba a cika jin dariyarsa ba. Da abin ya tsaya nan, da ba ku taɓa jin labarinsa ba. Amma Inna tana da ciwon gwiwa da ya shekara biyu yana hana ta durƙusawa, kuma bayan kwana uku ta wayi gari ta ce ya sake ta. Ni na san dalili: tun da Dije ta dawo gida ita ke zuwa rijiya, gwiwar ta sami hutu. Na faɗa, ba wanda ya saurare ni. A ranar Asabar Inna ta je gidan suna, ta durƙusa ta miƙe sau uku a gaban mata, ta ce ɗan 'yar'uwar mijinta ya zo da rubutun Fir'auna daga Masar, ta sha mujiya biyu da zaki. Ran Lahadi da hantsi mutum biyar suna zaune a ƙofar zaure.

Na ƙi. Na yi mako biyu ina ƙi, mutane suna ƙaruwa. Sai Kawu ya zaunar da ni, ya yi mini magana da murya mai taushi, irin wadda ban iya musu da ita ba.

"Ilu, ƙarya aka ce ka rubuta? Sunan mutum ne. Ka rubuta masa, ka gaya masa sunansa ne. In ya ga dama ya rataya, in ya ga dama ya sha, wannan tsakaninsa da cikinsa. Ni dai ɗinki ne nawa, kuma shekara talatin ina ɗinke takardun da ban san abin da ke cikinsu ba."

Na yarda bisa sharaɗi ɗaya, cewa duk wanda na miƙa wa takarda zan gaya masa da bakina abin da take. Kuma na cika sharaɗin, ban tsallake mutum ɗaya ba. In na miƙa sai in ce, wannan sunanka ne, ba magani ba ne. Shi kuma sai ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya ce haka ne, Malam, haka manya suke faɗa, ya wuce wurin Kawu a ɗinke masa cikin jar fata. Musun da nake yi shi ya zama shaidarsu, domin a ganinsu mai asirin gaske ne kaɗai ke cewa ba shi da komai. Haka muka yi bazara, muka yi damina. Aka sake wa zauren azara. Inna ta sami zane mai shuni. Kawu, wanda dā ake yi wa dariya a ɓoye wai ya ajiye Banasare a gida, ya zama ana matsa masa wuri a sahun gaba. Ni kuma, wanda wata biyar ba wanda ya amsa sallamata da cikakkiyar murya, aka koma kirana Malam.

A nan dole in faɗi laifina, domin ba a kan Kawu kaɗai nauyin yake ba. Na ji daɗi. Ba kaji da hatsin da ake kawowa ba ne suka kama ni. Abin da ya kama ni shi ne a zauna a yi shiru ana kallon hannuna. Mujiyata ba ta da na biyu, na san haka. Ina yi mata gashin fiffike layi bakwai, ba shida ba, ba takwas ba, fuskarta tana duban mai karatu sak yadda take a kan dutse. Shekara goma sha uku na koyi abin da ba wanda ya damu da shi a garinmu, sai ga shi ana layi a kansa. Na gaya wa kaina tun da ina faɗin gaskiya da baki, hannuna ba shi da laifi. A cikin gidan duka Dije ce kaɗai ta nemi in koya mata alamomin, ta kuwa haddace su cikin kwana goma, tana zana su da gawayi a bangon madafa, a karkace, ina gyarawa tana ce mini bawa mai iyayi.

Da kaka ta yi, wata Litinin da hantsi, wani manomi daga Gidimuni mai suna Haru ya yi sallama, yana jan rago. Na tuna shi, domin da bazara ya zo na rubuta masa sunan matarsa Fati: maciji mai ƙaho, gurasa, ganyen kara. Ya durƙusa, ya gaishe ni, ya gaida Kawu.

"Malam, godiya na zo yi. Matar nan tawa da ka yi wa mai maciji, kububuwa ta sare ta a hannu tana kwasar harawa."

Na ce, "Kun kira mai magani?"

"Akwai tsoho a garinmu mai tsotsar dafi, amma muka ce ga babban magani a wuyanta, me za a yi da ƙarami? Muka farke layar, muka jiƙa, ta sha. Kwana biyu hannun yana hawa har kafaɗa, sannan uwarta ta tayar da rigima aka kira tsohon. Ta tashi, alhamdu lillahi. Yatsu biyu dai sun tafi. Kowa ya ce da ba don rubutunka ya riƙe ta kwana biyun nan ba, da sai dai gaisuwa."

Na ajiye alƙalamina. Ya ɗauka jin daɗi ne ya hana ni magana, sai ya ci gaba.

"Shi ne gari ya aiko ni. Kowa yana son mai maciji kafin a ɗaure dawa. Wanda babu maciji a sunansa a sa masa, ba komai. Jibo da Faruku da suka riga suka samu ai yanzu ko sanda ba sa ɗauka, da hannu suke ɗaga kara."

Na ce masa, "Haru, ka saurare ni da kyau. Macijin nan harafin fa ne, farkon sunan matarka. Ba ya hana sara, ba ya warkar da sara. Kwana biyun da kuka jira su suka ci yatsunta."

Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Haka ne, Malam." Ya ɗaure ragon a turke, ya ce zai dawo bayan mako biyu da sunayen.

Na shiga cikin gida na tarar da Dije tana daka. Ta ji komai, domin asabarin gidan nan ba ya riƙe magana. Ta tsayar da taɓarya.

"Yau fuskarka ta fi ta kullum muni, kuma ba ƙaramin aiki ba ne wannan."

Na ce, "Na gaya masa gaskiya, ya yi mini godiya."

"Ka gaya musu sau ɗari, wa ya ji? Ni fa, ka ga na taɓa sha? Tun ran da na san mujiya mim ce ta fita daga raina. Abin da na iya zanawa a bangon madafa ba zan ba wani kaza a kansa ba."

Ta ci gaba da dakanta. Ba ta san ta ba ni shawara ba, ko kuma ta sani, domin da Gwaggonku ba a taɓa tabbatarwa.

Washegari bayan mun karya na gaya wa Kawu abin da na yi niyya: ran Alhamis zan zauna a tsakiyar kasuwa in koya wa duk mai so alamomin nan ashirin da huɗu, a fili, ba da ko dabino ɗaya ba. Ya daɗe yana goga wuƙarsa a kan fata kafin ya amsa.

"Ka daina rubutawa, na yarda. Ka ce an hana ka, ka ce ya ƙare, ka ce abin da ka ga dama. Amma kada ka tona. Mutum nawa na ɗinka wa da hannuna? Liman na ɗinka wa, surukina na ɗinka wa. Da wane ido zan dube su?"

Na ce, "Kawu, in na yi shiru, waɗanda ke wuyan mutane za su ƙara daraja ne. Jibo zai ci gaba da sa hannu a kara."

"Jibo ɗan wa ne a wurinka? Ni na buɗe maka ƙofa ranar da garin nan ya rufe."

"Na sani, Kawu."

"To in ka sani, ka san abin da za ka yi mini. Ban hana ka ba, kai ba yaro ba ne. Amma in ka kunyata ni a kasuwa, ka nemi wani zauren."

Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Ku sani kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana gina sunansa da basilla da zare, ni kuma zan rushe masa rabinsa da rana tsaka. Na yi kwana biyu ina auna abin, na nemi hanya ta uku ban samu ba.

Ran Alhamis da hantsi na je kasuwar Zango, na zaɓi fili tsakanin 'yan gishiri da mahauta, na share rairayi na daidaita shi da tafin hannu. Na ja layi huɗu da igiya don kada su karkace, na zana alamomin manya-manya, shida a kowane layi. Kafin in gama mutane sun kewaye ni, wasu sun cire takalma. Na miƙe na nuna ƙafa da sanda na ce wannan harafin ba ne, ku faɗa. Ba wanda ya faɗa. Sai na kira wani mahauci mai suna Bako, wanda na san bakinsa ba ya rufuwa, na ce ya zo ya ga sunansa. Na nuna masa ƙafa, da kwando, da ɗan tsako.

"Ni ke nan? Ƙafa da kwando da ɗan tsako? Malam, ai wannan matata ce za ta kasuwa!"

Aka fashe da dariya, kuma dariyar nan ita ta yi aikin da wata shida na musu bai yi ba. Wata mai daddawa ta ce a nuna mata nata. Wani Buzu ya ce su ma suna da nasu baƙaƙen, ya tsuguna ya zana a gefe don a kwatanta. Na ba Bako sandar na ce ya rubuta da kansa, ya yi wata mujiya mai kama da tulu. Da azahar ta kusa, na ce kowa ya duba, na bi ta kan layukan huɗu da takalmina, daga farko har ƙarshe, na shafe su. Wata tsohuwa ta yi salati da ƙarfi. Aka jira a ga abin da zai same ni. Na karkaɗe rigata na tafi masallaci.

Kafin la'asar mutum uku sun je zauren Kawu sun ajiye layunsu a gabansa ba tare da sun zauna ba. Da na iso na tarar Inna ta ɗaure mini kayana a tabarma, ta sa ƙullin gari da barkono a ciki. Tana share hawaye da bakin zane ta ce, "Ni dai gwiwata ta warke, ka faɗi abin da za ka faɗa." Kawu bai ɗago kai daga ɗinkinsa ba. Na yi masa sallama, ya amsa. Na kwance ragon Haru na fita.

Na kwana a masallacin Zango, na kama hanyar Gidimuni da asuba, kwana biyu ina jan rago mai taurin kai. Na sami garin a bakin tafki ana yankan dawa. Na mayar wa Haru ragonsa, na yi musu abin da na yi a kasuwa, a ƙofar mai gari, na sa Jibo da Faruku suka zana macizansu da yatsa har suka ji kunya. Sannan na ce a kai ni in gaida Fati. Tana zaune a inuwa, hannun a naɗe da tsumma. Mace ce ƙarama mai kaifin ido. Ta saurare ni har na gama, ba ta sunkuyar da kai ba.

"Malam, ka ce tun farko ka san ba magani ba ne?"

"Na sani, kuma na faɗa wa mijinki."

"Ka faɗa. To da ka faɗa, me ya sa ka karɓi kazarmu?"

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, Allah ma muna yi masa laifi, amma in ina son lada in tsaya in taya Haru ɗaurin dawa, tun da hannun da zai taya shi ni na rage. Na tsaya kwana tara. Ban iya ɗaurin dami ba, kuma ta zauna a inuwa tana gyara mini kowane ɗaya, ba ta bar ko guda ya wuce a karkace ba.

Na koma kasuwar Zango Alhamis uku a jere na sake koyarwa, ina kwana a masallaci. A ta ukun ba a ko kewaye ni ba. Masu fura sun riga sun fara zana sunayensu a ƙwarya don kada a musanya musu, kuma har yau in na tuna irin mujiyoyin da aka yi a kasuwar nan raina yana ɓaci: wasu ƙafa uku, wasu suna fuskantar inda bai kamata ba. Amma ba wanda ya ƙara jiƙa su. A hanyata ta dawowa daga Gidimuni na yada zango a Mirriya, wani mai lambu ya roƙe ni in rubuta masa wasiƙa zuwa ga ɗansa a Kano, ya ga hannuna, ya ce garin na buƙatar irinsa. Can na koma. Ya ba ni gefen lambunsa, daga baya ya ba ni 'yarsa, wadda ita ce mahaifiyarku. Na yi wasiƙu, na kwafi littattafai, na shuka albasa a layi madaidaici har maƙwabta suna zuwa kallo. Ban yi arziki ba, ban kuma kwana da yunwa ba, kuma babu takarda ɗaya da ta fita daga hannuna tun daga lokacin da zan ji tsoron a karanta ta a gabana. In aka ce in sake zaɓa, Mirriya zan zaɓa.

Kowace salla ina zuwa Birni in gaida Kawu. Yakan amsa, ya tambayi lambu, ya tambayi iyali, ba ya cewa in shiga ciki. Inna takan miƙo mini fura ta bayan asabari, Dije kuma ta leƙo ta tambaya ko an sami mai sayen bawa a Mirriya. A shekara ta huɗu, da aka haifi babbanku, Dije ta zo suna da wani ƙunshi ta ajiye a gabana, ta ce wani tsoho ne ya ce a ba wani mai taurin kai. Takalma ne na jar fata, ɗinki biyu, kuma ko da bai taɓa auna ƙafata ba, sun zauna daidai.

Kawu Mato ya rayu shekara tara bayan ranar kasuwar. Ban sake kwana a gidansa ba. Da ya rasu, ni na yi masa wanka, bisa wasiyyarsa.